Wa ke riƙe da makullin rumbun guba?

Duk wanda ya bi fim ɗin leƙen asirin nan mai dogon zango na Amurka, 24, a shekarun da faifan DVD ke yawo hannu zuwa hannu a garuruwanmu, zai tuna da zango na biyar ko da ya manta sauran. Tashar Fox ta fara haska shi a watan Janairun 2006, kuma shi ne zangon da ya ciyo wa fim ɗin kyautar Emmy ta gwarzon wasan kwaikwayo, ya kuma ciyo wa jaruminsa Kiefer Sutherland, wato Jack Bauer, kyautar gwarzon ɗan wasa. Labarin ya ginu ne a kan silinda 20 na wata guba mai kashe jijiyoyi da marubutan suka raɗa wa suna Sentox, wadda wasu 'yan aware masu gaba da Rasha suka yi awon gaba da ita daga wani filin jirgin sama a jihar Kalifoniya, yayin da hankalin jami'an tsaro ya karkata ga mutanen da aka yi garkuwa da su a wurin.

Kashi na 12 shi ne ƙololuwar zangon. Lynn McGill, wanda aka turo ya shugabanci ofishin yaƙi da ta'addanci na CTU a Los Angeles, yana da 'yar'uwa da ƙwaya ta lalata. Ta kira shi ya fito ya ba ta kuɗi, saurayinta ya far masa a wajen ofis, ya ƙwace masa jakar aljihu har da katin shiga ginin. Kunya da girman kai suka hana Lynn ya faɗa wa kowa. Katin ya faɗa hannun mutanen Vladimir Bierko, shugaban 'yan awaren, ɗayansu ya shiga da shi salin-alin, ya ajiye silinda guda a inda iskar ginin ke rarrabuwa. Da aka ankara lokaci ya ƙure. Waɗanda suka yi sa'a suka shige 'yan ɗakunan da za a iya toshewa, ƙofofi suka rufe. Edgar Stiles, ma'aikacin kwamfuta mai ƙiba da sanyin hali, wanda bai taɓa riƙe bindiga a fim ɗin ba, ya tafi duba wata abokiyar aikinsa, ya dawo ya tarar an kulle. Ya tsaya a tsakiyar ofis yana kallon abokiyar aikinsa Chloe O'Brian ta cikin gilashi, ya kira sunanta, ya fara tari, ya zube ƙasa. Agogon da ya saba rufe kowane kashi da ƙara, a wannan karon shiru ya yi.

Wannan fitowa ta taɓa ni, kuma na yarda gwaninta ce. Amma fim irin wannan ba ya tsayawa a nishaɗi. Miliyoyin mutane daga nan suka samo ɗan abin da suka sani game da makamai masu guba, kuma akwai shaidar cewa har jami'an gwamnati ba su tsira daga tasirinsa ba. Saboda haka ya dace a tambaya: me ya faɗa daidai, me ya ƙara wa gishiri, kuma wa ya koya mana mu ji tsoro?

A fara da gubar kanta. Sentox ƙirƙira ce, amma an ɗora ta a kan VX, wadda ke da gaske. Asalin wannan dangi na guba daga binciken maganin ƙwari ne. Wani Bajamushe masanin haɗa sinadarai, Gerhard Schrader, yana neman abin da zai kashe ƙwarin gona a kamfanin IG Farben ya ci karo da tabun a 1936, sannan sarin a 1938. VX kuma ta samo asali daga irin wannan binciken a Birtaniya a farkon shekarun 1950, kafin sojoji su karɓe ta. Aikinsu a jiki ɗaya ne. Duk lokacin da jijiya ta aika wa tsoka saƙon ta motsa, akwai wani sinadari a jiki da ke share saƙon nan take don tsokar ta huta. Gubar tana ɗaure wannan mai sharewa. Saƙo ya yi ta taruwa, tsoka ta yi ta murɗewa ba sakewa. Ƙwayar ido ta tsuke, yawu da majina su yi ta zuba, ƙirji ya cika da ruwa, jiki ya hau karkarwa, daga ƙarshe tsokar numfashi ta gaza.

Likitocinmu sun san waɗannan alamomi sarai, domin fiya-fiya da ire-irensa da ake zuba wa wake ko ake fesa wa sauro 'yan gida ɗaya ne da sarin, ƙarfinsu ne kawai bai kai ba. Allurar atrofin da ake yi wa wanda ya sha fiya-fiya ita ce dai sojoji ke ɗauka a jaka don maganin gubar yaƙi. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan wannan sinadari a cikinsa, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben Sniper bayan yawaitar masu kashe kansu da shi. Wanda ya taɓa ganin yadda aka kawo irin wannan majiyyaci asibiti ya ga ɗan abin da mutanen garin Halabja suka gani ranar da jiragen Saddam Hussein suka watsa musu guba.

A nan fim ɗin ya yi rangwame mai yawa. VX ba iska ba ce da ke tashi ta cika ɗaki cikin minti biyu sannan a zuƙe ta da fanka. Ruwa ce mai kauri kamar man inji, ba ta saurin bin iska, tana maƙalewa a jikin abu na kwanaki, kuma ta fata take shiga. Ɗigon da bai wuce miligiram 10 ba yana iya kashe babban mutum. A kashi na 13 mun ga Jack Bauer ya riƙe numfashi ya ratsa inda gubar take ya dawo lafiya, mun ga Lynn McGill ya yi haka don ya gyara kurensa, ya ceci sauran, ya mutu. Labari ne mai daɗin ji, amma riƙe numfashi ba ya kare ido da fata. Kuma a fim tun a daren nan aka ci gaba da aiki a ginin, alhali a Salisbury ta Ingila, inda aka shafa wa ƙofar gida ɗaya gubar Novichok a watan Maris na 2018 don a kashe tsohon jami'in leƙen asirin Rasha Sergei Skripal, sai da aka kwashe kusan shekara guda ana wanke wurare kafin a ce gari ya tsarkaka.

Batun katin shiga kuwa, wannan marubutan sun yi daidai, kuma a ganina shi ne abu mafi gaskiya a zangon gaba ɗaya. Ginin yana da masu gadi da kyamarori da ƙofofin ƙarfe, amma abin da ya karya shi mutum ɗaya ne da ya ji kunyar cewa an yi masa fashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu tsaron rumbunan makamai masu guba sun daɗe da sanin cewa ma'aikacin ciki da bashi ya yi wa katutu ko aka daina biyansa albashi ya fi ɗan fashin waje haɗari.

Tsoron sata ma ba daga iska marubutan suka ɗauko shi ba. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, Rasha ta gaji tan 40,000 na makamai masu guba, mafi yawa a duniya, a lokacin da gwamnati ba ta iya biyan sojoji da masana kimiyya. A garin Shchuchye kaɗai, can gabas da tsaunukan Ural, akwai harsasan igwa da kawunan makamai kusan miliyan biyu cike da gubar jijiya, jere a kan katakai cikin tsofaffin rumbuna. Sanata Richard Lugar na Amurka ya ziyarci wurin a 2000, ya ɗauki harsashi guda ya sa a jakar hannu irin ta ma'aikatan ofis, aka ɗauke shi hoto, don ya nuna wa 'yan majalisar ƙasarsa yadda fita da shi ke da sauƙi. Shirin da shi da Sanata Sam Nunn suka kafa a 1991 ya zuba kuɗin Amurka wajen tsare waɗannan wurare da gina masana'antar lalata su, wadda ta fara aiki a Shchuchye a 2009. Wato lokacin da ake haska zango na biyar, waɗannan harsasai suna nan a jere.

To amma sai mu duba abin da ya faru a zahiri cikin shekarun nan. Harin guba mafi muni da wata ƙungiya ta taɓa kaiwa shi ne na Aum Shinrikyo a Japan, kuma ba sata suka yi ba, da kansu suka haɗa. Ƙungiyar asiri ce mai ɗimbin dukiya, da mabiya masu digirin kimiyya, da masana'anta da suka gina kusa da tsaunin Fuji. A watan Yunin 1994 suka fesa sarin a garin Matsumoto, mutum 8 suka rasu sanadiyyarsa. Ranar 20 ga Maris na 1995, da safe lokacin tafiya aiki, mutum biyar suka shiga jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokyo ɗauke da ledoji cike da ruwan sarin, naɗe a jarida. Kowa ya ajiye tasa a ƙasa, ya huda ta da tsinin lema, ya sauka a tasha ta gaba. Mutum 14 suka mutu sanadiyyarsa, dubbai suka jikkata, wasu har yau ba su warke ba. Biyu daga cikin mamatan ma'aikatan tasha ne da suka kwashe ledojin da hannunsu don su kare fasinjoji. Babu silinda mai agogo, babu lambar sirri ta kunnawa. Kuma duk da kuɗinsu da masanansu, gubar da suka haɗa a gurguje ba ta da tsabta, abin da ya rage yawan mamata. An rataye shugabansu Shoko Asahara da mabiyansa 12 a watan Yulin 2018.

A watan Yunin 2014 abin da fina-finai suka daɗe suna hasashe ya auku: mayaƙan IS sun ƙwace tsohuwar masana'antar Muthanna ta zamanin Saddam Hussein, arewa maso yammacin Bagadaza, inda wani rumbu ke ɗauke da rokoki kusan 2,500 da aka ɗura wa sarin tun kafin 1991. Gwamnatin Iraƙi ta sanar da Majalisar Ɗinkin Duniya, duniya ta tsorata. Sai dai gubar ta daɗe da lalacewa, kuma taɓa ta ya fi zama haɗari ga mai taɓawar. Iskar mastad da IS ta harba a garin Marea na Siriya a watan Agustan 2015, bincike ya nuna haɗin kansu ce, ba ta rumbu ba.

Libiya ta fi kusa da mu, kuma darasinta ya fi ciwo. Gaddafi ya shiga yarjejeniyar hana makamai masu guba a 2004, ya bayyana kusan tan 25 na mastad. Bayan faɗuwarsa a 2011 sabbin hukumomi suka gano ɗaruruwan harsasan igwa masu guba da ya ɓoye bai bayyana ba. An ji tsoron za su bi hamada su ɓace. Ba su ɓace ba. An lalata su a farkon 2014, ragowar sinadaran haɗawa kuma jirgin ruwan Denmark ya kwashe su zuwa Jamus a 2016. Abin da ya fita daga rumbunan Libiya ya ratso Sahara shi ne bindigogi da harsasai da rokoki na yau da kullum, waɗanda suka taimaka wajen ruguza arewacin Mali a 2012, kuma yankin Sahel bai huta ba tun daga lokacin. Ɗan ta'adda ya fi son abin da zai rataya a kafaɗa, wanda ba zai kashe shi ba kafin ya isa inda za shi.

To su wa suka fi kashe mutane da guba? Masu riƙe da makullin. Jamus ta saki kulorin a Ypres ta Beljiyam ranar 22 ga Afrilun 1915, sauran ƙasashe suka bi sahu, kusan mutum 90,000 suka mutu da guba a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Italiya ƙarƙashin Mussolini ta yayyafa wa Habashawa mastad daga jiragen sama a 1935 da 1936, alhali ta sa hannu a yarjejeniyar Geneva ta 1925 da ta haramta hakan. Saddam ya yi amfani da ita a kan sojojin Iran tsawon shekaru, manyan ƙasashe suka kau da kai, sannan ranar 16 ga Maris na 1988 jiragensa suka hallaka Kurdawa kusan 5,000 a Halabja cikin yini ɗaya. A Ghouta da ke gefen Damaskus, ranar 21 ga Agustan 2013, sarin ya kashe ɗaruruwan mutane cikin barcinsu, ƙiyasin Amurka ya haura 1,400. Gwamnatin Assad ta musanta, amma a harin Khan Shaykhun na Afrilun 2017 masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ɗora mata alhakin kai tsaye. VX ɗin da aka shafa wa Kim Jong-nam, ɗan'uwan shugaban Koriya ta Arewa, a fuska a filin jirgin saman Kuala Lumpur a watan Fabrairun 2017, Koriya ta Arewa ake zargi. Dawn Sturgess, matar da ta rasu a Ingila a watan Yulin 2018, ba ta san komai game da leƙen asiri ba. Abokin zamanta ne ya tsinci kwalbar turare da maharan Skripal suka yar, ya ba ta kyauta, ta fesa a hannu. Birtaniya ta ce jami'an leƙen asirin sojan Rasha ne, Rasha ta ce ba ita ba ce.

Adalci ya sa a ce 24 bai rufe ido ga wannan ba. Da labarin ya yi nisa sai aka gano cewa da ɗan gari aka ci gari: mutanen fadar shugaban ƙasa ne suka shirya a bar 'yan awaren su ɗauki silindojin, da niyyar a tayar da su daga nesa idan sun isa tsakiyar Asiya, don a samu hujjar girke sojojin Amurka a yankin mai arzikin mai. Shugaba Charles Logan da kansa yana ciki dumu-dumu. A 2006, shekara uku bayan an mamaye Iraƙi da hujjar makaman da ba a taɓa samu ba, babu mai kallon da zai kasa gane inda aka dosa. Wannan jarumta ce daga tashar da ba a san ta da adawa da gwamnatin Bush ba.

Akwai ma wani abu da ya fito daga baya wanda ya nuna yadda fim ke iya shiga cikin takardun gwamnati. Rahoton kwamitin Chilcot kan yaƙin Iraƙi, da aka fitar a Birtaniya a watan Yulin 2016, ya bayyana cewa a watan Satumban 2002 hukumar leƙen asiri ta MI6 ta samu wani mai kawo mata labari da ya ce Iraƙi na ɗura gubar jijiya a cikin ƙwallayen gilashi. Wasu jami'ai sun lura cewa ba haka ake adana irin wannan guba ba, kuma bayanin ya yi kama da abin da aka nuna a fim ɗin The Rock na 1996, wanda Sean Connery da Nicolas Cage suka fito a ciki, shi ma labarin satar rokokin VX ne. Ba a janye rahoton ba sai bayan an gama mamayar. Mutanen da suka mutu a yaƙin da aka gina kan irin waɗannan bayanai sun ninka duk waɗanda 'yan ta'adda suka taɓa kashewa da guba sau ba adadi.

Inda na fi rabuwa da fim ɗin shi ne agogonsa. Makami mai guba a hannun ɓarawo kyauta ce ga marubuci, domin yana ba shi yanayin da za a ce saura minti 20 dubban mutane su mutu, ga wanda ya san inda silindar take a ɗaure a kujera, me za a yi masa? A 24 amsar kullum ɗaya ce. A wannan zangon ma mun ga an ɗura wa Christopher Henderson, ɗaya daga cikin masu hannu a makircin, allurar azaba don ya yi magana, mun ga Jack ya harbi matarsa a ƙafa a gabansa. Abin ya kai ga a watan Nuwamban 2006 shugaban sashen karatu na makarantar sojan West Point, Birgediya Janar Patrick Finnegan, ya yi takakkiya zuwa inda ake ɗaukar fim ɗin, ya roƙi masu shirya shi su rage, domin ɗalibansa sun fara ɗaukar azabtar da fursuna a matsayin kishin ƙasa. A 2014 kwamitin leƙen asiri na majalisar dattawan Amurka ya kammala cewa azabtarwar da CIA ta yi ba ta zama hanyar samun sahihin bayani ba. Mu da muke zaune a ƙasashen da ake kama mutum a ce sai ya yi bayani ko ta halin ƙaƙa, bai kamata mu tafa wa wannan ba, ko da jarumin da muke so ne ya yi.

Aikin da ya rage wannan haɗari a duniya ba shi da agogo mai ƙara, shi ya sa ba a yin fim a kansa. Yarjejeniyar haramta makamai masu guba ta fara aiki ranar 29 ga Afrilun 1997, ƙasashe 193 ne a cikinta, har da Najeriya da Nijar. Hukumar OPCW mai hedikwata a birnin Hague ita ke tura masu bincike su ƙirga harsasai ɗaya bayan ɗaya, su tsaya a ƙone ko a narkar da su a gabansu. Ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2013, shekarar da aka fara shirin kwashe tan 1,300 daga Siriya, inda aka lalata mafi haɗarinsu a tsakiyar teku cikin jirgin ruwan Amurka mai suna Cape Ray. Rasha ta sanar da kammala lalata nata a watan Satumban 2017. Amurka ta lalata rokar sarin ta ƙarshe a Blue Grass ta jihar Kentucky ranar 7 ga Yulin 2023. Da wannan aka gama da duk abin da ƙasashe suka bayyana, fiye da tan 72,000.

Abin da suka bayyana ke nan. Skripal da ɗan adawar Rasha Alexei Navalny an sa musu Novichok ne bayan Rasha ta ce ta gama. Bayan faɗuwar Assad a watan Disamban 2024, OPCW ta ce akwai wurare sama da 100 a Siriya da ke buƙatar a duba, kuma idan akwai inda labarin sata zai iya zama gaskiya a yau, can ne. Masar da Sudan ta Kudu da Koriya ta Arewa ba su sa hannu a yarjejeniyar ba, Isra'ila ta sa hannu amma ba ta tabbatar da ita ba. A watan Mayun 2025 Amurka ta ce ta tabbatar sojojin Sudan sun yi amfani da makami mai guba a 2024 a yaƙinsu da dakarun RSF, ta ƙaƙaba takunkumi. Hukumomin Sudan sun ƙaryata. Sudan tana cikin yarjejeniyar, kuma ƙasa ce da dubban ɗaruruwan Hausawa ke zaune a cikinta. Zargi irin wannan ba a barin sa tsakanin mai faɗa da mai musu, musamman ganin yadda aka taɓa yaudarar duniya a kan Iraƙi. Najeriya da Nijar suna da kujera a OPCW. Su nemi a tura masu bincike masu zaman kansu Sudan, su kuma matsa wa Masar da Sudan ta Kudu su shigo cikin yarjejeniyar.